Masu Jajayen Riguna a Bayan Titin Liuhua

A birnin Guangzhou na ƙasar Sin na koyi ɓoye sunan masana'antar da nake sarin kaya. Ba wanda ya zaunar da ni ya koya mini, kowa haka yake yi. Za ku ci abinci a faranti ɗaya da mutum, ku yi sallar Juma'a kafaɗa da kafaɗa, amma in ya tambaye ka inda kake samo kayanka sai ka ce, “Can bayan gari ne.” Shi ma sai ya gyaɗa kai, don ya san da shi aka tambaya haka zai ce. Ni injinan ban ruwa nake saya da kayan gyaransu, in loda a kwantena zuwa Kano, ƙanena ya sayar wa manoman rani.

Wuri ɗaya na san muna ɗan sakin jiki, wani gidan abinci a saman bene, cikin lungu a bayan titin Liuhua, ba nisa da tashar jirgin ƙasa. Mai gidan Musulmi ne daga arewacin Sin, kullum da farar hula, muna ce masa Lawban kamar yadda ake ce wa duk mai shago a garin. Taliyar hannu yake yi da naman rago, ga shayi ba iyaka, ga ƙatuwar talabijin a bango. Duk Asabar bayan sallar isha'i, lokacin da ake take wasan farko a Ingila, sai mu hallara: Kanawa masu sarin yadi da waya, mutanen Yamai da Maraɗi, da wasu 'yan Kumasi masu Hausar zango. Yawancinmu kulob ɗaya muke goyon baya, mai jar riga. Muna samari babu kofin da kulob ɗin nan bai ɗauka ba. A lokacin da nake ba da labari kuwa an yi shekaru ƙananan kulob suna zuwa har gida su zura mana ƙwallaye, mu tashi mu sauko daga bene ba mai kallon idon wani.

Wanda ya fara haɗa wannan zama wani dattijo ne ɗan Maraɗi, mai sarin kayan sawa na yara a kasuwar Baima. Ya riga mu duka zuwa garin, shi ne ma ya shawo kan Lawban ya sa tashar da ke nuna wasannin. Kujerarsa tana jikin taga. Farar jallabiya yake sawa, carbi a hannu, ba ya ihu ko an ci ko ba a ci ba. In aka lallasa mu, kowa yana zagin alƙalin wasa, sai ya ce da Hausarsu ta can, “Ba mu buga balo ba yau. Sun hi mu gudu, sun hi mu dabara, shi ke nan.” Maganar tana ba mutane haushi, amma ana yi mata dariya.

Daga baya wani Bakano ya fara zuwa, ejan ne mai tura kaya ta jirgin ruwa da na sama. Dogo ne mai fara'a, yana da riƙe sunan mutum da sunan unguwarsu. Kafin a jima ya buɗe mana guruf a waya, ya sa aka ɗinko jajayen riguna a wata masana'anta, kowa da laƙabinsa a baya. Aka fara kiransa Ciyaman, bai hana ba. Ba zan rage masa komai ba, mutumin yana da hidima. Da wani ɗan Yamai ya kwanta asibiti, shi ya yi ta zirga-zirga har aka sallame shi. Baƙon da ya sauka bai san kowa ba, Ciyaman zai nema masa ɗaki ya raka shi ya yi rajista. Sai dai ni na lura duk wanda ya karɓi jar riga, ba a daɗewa kayansa ke komawa hannun Ciyaman. Na karɓi rigar, amma kwantenata na bar ta wurin tsohon ejan ɗina, na zuba ido.

Abin da ya fi jan mutane gare shi shi ne maganar da yake yi a hutun rabin lokaci. Zai miƙe ya tsaya a gaban talabijin, ya rage murya yadda sai kowa ya yi shiru zai ji.

“'Yan'uwa, ba cin mu ake yi ba, sayar da mu ake yi. Kulob irin namu ba ya faɗuwa haka kawai. Masu lig ba sa son mu tashi, alƙalai an gama da su, a cikin 'yan wasan ma akwai waɗanda zuciyarsu ba ta tare da rigar. Ko a ɗakin nan, ba duk wanda ya zauna da mu ne namu ba.”

Sai ka ga mutanen da suka shigo kai a sunkuye sun gyara zama. Ni ma ina jin sanyi a raina in ya faɗi haka. Mun wuni a kasuwa ana ce mana meyo, babu, mai tasi ya gan mu ya wuce, darajar Naira tana zubewa a hannunmu, sai ga wani yana ce mana mu manya ne, zalunci kawai aka yi mana. Ɗan Maraɗi kaɗai bai sa rigar ba. Ya karɓa ya yi godiya, ya ce ya tsufa da sa kayan 'yan balo, zai kai wa jikansa.

A babban baje kolin kaka da ake yi a unguwar Pazhou na haɗu da wani Bajamushe. Muna tsaye a rumfar wani kamfanin injina, ni ina duba samfur, shi yana auna bakin wani bututu da ɗan ƙarfen awo. Dattijo ne siriri mai furfura, yana saya wa wani ƙaramin kamfani na garinsu kaya. Ya hango hoton kulob ɗinmu a bayan wayata, sai ya tambaye ni da Turanci ko na san inda mutum zai kalli wasa a garin nan cikin jama'a, don ya gaji da kallo shi kaɗai a ɗakin otal.

Abin da ya fara zuwa raina shi ne farashina yake son ji. Bature mai kwana a babban otal, me zai kai shi lungunmu? Na mayar da katin kamfanin cikin aljihu, na ce zan yi tunani. Amma ya ci gaba da hirar ƙwallo, na ga ya san abin da yake faɗa, har ya ba ni labarin kulob ɗin garinsu da ya yi shekaru a ƙaramin lig bai daina zuwa kallonsa ba. Ranar Asabar na je na ɗauko shi.

Da muka hau bene ɗakin ya yi tsit. Lawban ya kawo masa kujera da shayi. Ɗan Maraɗi ya gaishe shi da Faransanci, ashe yana ji, suka ɗan taɓa hira. Ciyaman ya miƙa masa hannu da murmushi, sannan ya ja ni gefe.

“Ɗan'uwa, wannan fa? Ɗan jarida ne?”

“Ɗan kasuwa ne, a Pazhou muka haɗu.”

“Shi ya faɗa maka haka?”

Na ce eh. Ya dafa kafaɗata ya ce ba komai, baƙona baƙonsu ne. Amma har aka tashi akwai mutum biyu da ba su ɗauke ido daga wayar Bajamushen ba.

Asabar ta gaba ana tsakiyar wasa 'yan sanda suka hawo duba fasfo. Abu ne da aka saba, suna yi lokaci lokaci, musamman a kwanakin baje koli. Kowa ya ciro nasa, har Bajamushen. Mutum biyu daga cikinmu bizarsu ta ƙare, ɗaya na hannun daman Ciyaman ne. Aka tafi da su, daga baya aka mayar da su gida. A ranar kujerar jikin taga babu kowa a kai. Ɗan Maraɗi bai zo ba.

Ban san wanda ya fara faɗa ba. Washegari dai maganar ta shiga guruf, a kaikaice da farko. Wani ya rubuta cewa abin mamaki ne mutumin da bai taɓa fashin Asabar ba ya yi fashi a wannan rana. Wani ya ce ai ya taɓa ganin sa yana murmushi lokacin da aka zura mana ƙwallo. Wani ya tuna cewa ya ƙi sa riga. Wani ya ce mutumin da ya yi shekaru haka a garin nan ba a taɓa ba shi matsalar takarda ba, ai a yi tunani. Ɗan Maraɗi yana cikin guruf ɗin, amma ba mai karanta saƙonni ba ne. Da aka kira shi aka tambaye shi inda ya je, ya ce filin jirgi ya tafi tarbar abokan cinikinsa daga Yamai. Aka ce su waye, ya ce ba ya faɗin sunan abokan ciniki. Duk cikinmu ba wanda zai faɗa, amma a ranar sai aka ɗauki hakan a matsayin ɓoye wani abu.

Da Asabar ta zagayo ya zo kamar kullum. Ya yi sallama, aka amsa a ciki. Waɗanda suka saba zama kusa da shi suka ja kujerunsu gaba. A hutun rabin lokaci Ciyaman ya miƙe ya yi magana a kan 'yan'uwanmu biyu da ke tsare, da iyalansu, da amana. Bai ambaci kowa ba, bai kalli taga ba. Bajamushen yana gefena, ba ya jin Hausa ko kalma ɗaya, amma na ga ya bar kallon talabijin yana bin fuskokin mutane.

Ranar da za a rufe baje koli muka sake haɗuwa da Bajamushen a Pazhou da rana. Muka sayi abinci muka fita wajen zauren, muka zauna a wani benci da ke kallon kogi. Ya tambaye ni me dattijon mai farar riga ya yi. Na ba shi labari a taƙaice.

“Akwai wanda ya gan shi da 'yan sanda?”

“Babu. Amma bai zo ba ranar.”

Ya daɗe yana juya cokali a cikin shinkafa. Sannan ya ce zai ba ni labarin kakansa, in ban damu ba.

Kakan nasa kafinta ne a wani ƙaramin gari. Ya je babban yaƙin duniya na farko yana saurayi, ana ta gaya musu su ke da nasara, sai rana ɗaya aka ce sun miƙa wuya. Ya dawo gida ya tarar ƙasashen da suka ci yaƙin sun ɗora wa Jamus tara mai nauyi. Bayan 'yan shekaru kuɗin ƙasar ya lalace, abin da mahaifinsa ya tara tsawon rayuwa ya koma bai isa sayen burodi ba. Aka ɗan farfaɗo, sai kasuwannin duniya suka rushe, aiki ya ɗauke, ya zama magidanci mai 'ya'ya yana bin layin miya. Abu ɗaya da ya rage masa shi ne kulob ɗin ƙwallon garin, inda yake buga baya.

“Sai masu riguna ruwan ƙasa suka fara zuwa garin,” in ji shi. “Suna maci, suna waƙa, suna raba abinci. Shugabansu yana cewa ba a ci Jamus da yaƙi ba, daga ciki aka ci amanarta, ya kuma faɗi waɗanda suka ci amanar: Yahudawa, da 'yan gurguzu, da 'yan siyasar da suka sa hannu a takardar sulhu. Kakana ba mai karatu ba ne, bai taɓa buɗe littattafansu ba. Abin da ya gaya wa mahaifiyata shi ne, ranar da ya fara tsayawa a cikin taronsu, dubban mutane suna amsa kalma ɗaya, ya ji kunyar da yake ɗauke da ita tun daga yaƙi ta sauka. An ce masa ba laifinsa ba ne, an kuma nuna masa mai laifin.”

Ya ce a kulob ɗin akwai wani mai shagon yadi, Bayahude, wanda ya saya musu rigunansu na farko, ya kuma yi yaƙin nan tare da su a rami ɗaya. Da masu riguna ruwan ƙasa suka hau mulki, aka zo taron kulob aka ce a cire shi. Kakansa yana cikin waɗanda suka yarda.

Da na ji kalmar Yahudawa sai da na ɗan motsa, don mu abin da ke zuwa ranmu daban ne. Kamar ya gane. Ya ce, “Mai shago ne a ƙaramin gari, abokina. Yadi yake aunawa yana yankawa, kamar mutanenku na Baima.”

Na tambaye shi ko kakan bai yi nadama nan take ba.

“A'a, domin da farko abubuwa gyaruwa suka yi. Aka fara gina hanyoyi da barikoki, ana neman ƙofofi da tagogi, kafinta ya samu aiki. Yara suka ƙoshi. Wa zai ce masa ya yi kuskure? Mai shagon ya sayar da komai ya tsallaka maƙwabciyar ƙasa da matarsa da 'yarsa. Yaƙi na biyu ya iske su a can, aka kwashe su a jirgin ƙasa zuwa sansanonin da ake kashe Yahudawa, ba wanda ya dawo. Garinmu ma ya ƙone, kakana ya rasa ɗansa na fari. Har ya mutu cewa yake yi shi bai san abin zai kai haka ba.”

Raina ya ɗan ɓaci. Na ce, “Yanzu mu kake kwatantawa da waɗancan? Mu da muke kallon ƙwallo muna shan shayi?”

“A'a. Ku ba ku da bindiga, ba ku da gwamnati. Ni ma duk mako ina tsayawa a cikin magoya bayan garinmu, ina waƙa har muryata ta dushe, ina zagin alƙali, ina tsanar mutanen garin da ke kusa da mu na tsawon wasa. Ina son abin. Na san daɗinsa, shi ya sa idona yake kai. Jiya na tuna yadda aka ja kujeru aka bar mutumin nan, na kasa cin abincin safe.”

Muka rabu a bakin tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa, washegari ya tashi. A hanya ina ta juya maganar. Na ce a raina Turawa ba sa rasa labarin da za su nuna maka sun fi ka hangen nesa. Na ce wataƙila ma tausasa ni yake yi don wata buƙata da zai zo da ita a baje kolin bazara. Sannan duk abin da ya faɗa bai canza cewa 'yan sanda sun zo, ɗan Maraɗi kuma bai zo ba. Amma mai shagon yadin nan ya ƙi fita daga kaina.

Asabar ɗin da ta biyo baya, tun kafin a take wasa, Ciyaman ya sa aka rage sautin talabijin. Ya je har jikin taga ya ɗan rusuna.

“Baba, kai babba ne a wurinmu, ba ma son a riƙa magana a bayanka. Zukatan mutane ba su kwanta ba. Ga Alƙur'ani a wurin Lawban, ka yi alwala ka dafa ka ce ba ka da hannu a abin da ya faru, magana ta mutu a nan.”

Dattijon ya ɗago ya dube shi. “Mi na yi da zan rantse? Ni ban kai kowa ba. Amma ba ni dafa Alƙur'ani a gidan kallon balo, gaban talabijin.”

Aka fara gunaguni. Wani daga baya ya ce mai gaskiya ba ya tsoron rantsuwa. Na ji bakina ya buɗe kafin in gama shawara.

“Ciyaman, wa ya gan shi? A cikinmu nan, wa ya gan shi ko ya ji shi da kunnensa?”

Ciyaman ya juyo a hankali, fuskarsa ba fushi.

“Ɗan'uwa, da ka bari. Kai ma akwai tambayar da muka yi maka kara ba mu yi ba. Shekaru muna zama a nan lafiya. Ka kawo mana Bature, bai daɗe da fara zuwa ba aka hawo mana. Yanzu yana ina?”

“Ya koma ƙasarsu.”

“To.”

Na ga idanu sun dawo kaina, har na waɗanda muka taso unguwa ɗaya. Abin da ya fi damuna shi ne ni kaina sai da na fara lissafi: shi ya fara yi mini magana a Pazhou, shi ya nemi a kai shi cikin jama'a, na kuma tuna ya taɓa ɗaga waya kamar yana ɗaukar hoton talabijin. Me na sani game da shi ban da abin da ya gaya mini?

Ɗan Maraɗi ya miƙe, ya sa carbinsa a aljihu, ya je ya yi wa Lawban sallama da 'yan kalmomin Sinancinsa. Lawban bai san me ake ciki ba, yana ta nuna masa talabijin yana cewa yanzu za a fara. Dattijon ya sauka. Kafin ya kai ƙasan bene an cire shi daga guruf.

A ranar muka ci wasa. Ba ci na sa'a ba, mun buga ƙwallo irin wadda muka manta da ita, aka zura ta ƙarshe ana dab da tashi. Ɗakin ya kaure, mutane suna rungumar juna, kofunan shayi suna faɗuwa. Ni ma na tsinci kaina a tsaye, hannuna a wuyan wanda ɗazu yake harara ta. Mako na gaba muka sake ci, haka wanda ya biyo. Sabon koci aka kawo a lokacin, duk duniya ta san haka, amma a saman benen nan cewa ake yi tun da aka tsarkake ɗakin nasara ta dawo. Da wasa aka fara faɗa, daga baya na ga wasu sun daina dariya in sun faɗa.

Wata rana da hantsi na je wurin Lawban, ba kowa sai masu yanka albasa. Da taimakon fassarar waya na tambaye shi ko ya san dalilin zuwan 'yan sanda. Ya yi mamakin tambayar. Ya ce a wannan makon duk gidajen lungun aka bi ɗaya bayan ɗaya, har shagon aski da otal ɗin da ke kusurwa, kuma an sanar da masu shaguna tun kafin baje koli cewa za a yi. Na kai wannan magana guruf. Wani ya amsa cewa Lawban kasuwarsa yake karewa. Wani ya ce ko an bi gida gida, ai wani ne ya faɗi ranar da muke cika. Ciyaman kuwa jadawalin wasan mako kawai ya turo.

Na rage zuwa. Ba wanda ya kore ni, amma in na shiga hira takan canza, in na ciro waya sai na ji ana kallon hannuna. Na koma kallo a ɗakina, wanda ba shi da daɗi ko kaɗan. Bajamushen ya turo mini gaisuwa sau ɗaya yana tambayar dattijon. Na daɗe ina kallon saƙon kafin in amsa da cewa yana lafiya. A baje kolin bazara ban gan shi ba, ban kuma neme shi ba.

Maganar ba ta tsaya a gidan kallo ba. A garin da rabin mutane ke fargabar takarda, ba a buƙatar hujja kafin a guji wanda aka ce yana kai rahoto. Baƙin da suka saba sauka a hannun ɗan Maraɗi suka fara sauka wurin wasu. A masallaci ana gaisawa da shi a tsaitsaye. Na same shi a Baima wata rana yana zaune a shagon wata mata da yake saya a wurinta, ba ciniki yake ba, shayi kawai yake sha. Ya ce mini zai koma Yiwu, wani garin kasuwanci mai nisa, akwai mutanen garinsu a can, kuma ba wanda ya san labarin.

Ranar tafiyarsa na raka shi tashar jirgin ƙasa da rana. Kayansa ba yawa, akwati da jakar hannu, bayan duk shekarun nan. Muna zaune muna jira ya tambaye ni sabon ɗan wasan gaban da aka saya, ko yana da gudu kamar yadda ake faɗa. Na ce ashe yana bi har yanzu.

“Kulob ɗin bai yi mini komi ba,” in ji shi.

Ya juya carbi, sannan ya dube ni.

“Ƙanena, tun ɗazu akwai abin da kake son tambaya. Tambayi.”

Na ce babu komai, Alhaji.

“Akwai. Ban kai kowa ba, Allah ya sani. Amma ko da na kai, haka zan ce maka, kai ma ka san wannan. To ka ga ba ni da abin da zan ba ka.”

Aka kira jirginsu. Na ɗaukar masa akwatin har bakin shinge inda ake duba tikiti, ya karɓa, ya yi mini addu'a, ya ce in gaida Lawban. Na tsaya har farar jallabiyarsa ta shige cikin jama'a. Daga nan na fito na tari mota zuwa sito, don ana loda mini kwantena a ranar, kuma ba na yarda a rufe ta ba na wurin.